Murfin ne ya karkace ko zanen ne bai haɗu ba? Fashin baƙi kan tiredin alƙalamin hannu

Mutum ya cire kuɗin da za su saya masa biro kwali-kwali, ya sayi alƙalami ɗaya tak wanda aka sassaƙa da hannu. Ya je gida ya murɗa murfin ya rufe, sai ya ga jijiyar katakon da ke jikin murfin ta kalli gabas, ta gangar jikin ta kalli kudu. An cuce shi ke nan, ko kuwa haka alƙalamin hannu ya gada?

Tambayar ta fara yawo ne tun da irin waɗannan alƙaluma suka shiga sahun kayan kyauta a Legas. Ana ba wanda ya yi ritaya, ana ba sabon lauya, ana ba maigida a ofis. Bidiyon masu yin su ya cika TikTok da Instagram, kuma cikin 'yan tsirarun da ke gwada sana'ar a nan har da yaranmu na Agege da Idi-Araba waɗanda suka tashi a gaban injin tana, wato injin da ke juya abu ana sassaƙa shi. Rigimar kusan kullum iri ɗaya ce. Mai saye ya dawo ya ce, "Malam, abin nan fa bai zauna daidai ba." Mai yi ya ce, "Haba Alhaji, aikin hannu ne, ba na kamfani ba." A rabu kowa na ganin ɗan'uwansa bai san abin da yake faɗa ba.

Matsaloli biyu ne daban ake cusawa cikin ƙorafi ɗaya, duka a kan tiredi, wato layin haƙoran nan da ya naɗe wanda murfi ke bi in ana murɗa shi. Akwai tiredin da ya shiga a karkace, wannan aibi ne tsantsa, kuma "aikin hannu ne" ba ta wanke shi. Akwai kuma tiredi lafiyayye wanda ya tsaya a inda zanen sama da na ƙasa ba su haɗu ba, wannan kuwa lissafi ne, wani lokacin ma babu laifin kowa a ciki.

Ina tiredin yake a jikin alƙalami?

Yawancin alƙaluman katako da ake gani a kasuwa, mai sassaƙa bai yanka tiredi ko ɗaya a jikinsu ba. Ƙarafan ciki ake sayowa a haɗe daga waje, shi aikinsa ya lulluɓe su da katako. Maganarmu a nan ta ɗaya rukunin ce, inda mutum zai ɗauki guntun roba ko ƙaho ko itace, ya fitar da komai da kansa in ban da bakin rubutun.

Irin wannan alƙalami, musamman mai shan tawada, yana da manyan sassa uku: murfi, gangar jiki, da mariƙi, wato ɗan guntun da yatsu ke kamawa. Tiredi kuma yana wuri uku aƙalla. Ɗaya tsakanin murfi da gangar jiki, ɗaya tsakanin gangar jiki da mariƙi, na uku a cikin mariƙin inda bakin rubutu ke shiga. Kowane wuri da namiji da mace. Macen, wato tiredin cikin rami, da taf ake yanka ta, wani siririn ƙarfe mai haƙora da ake murɗawa cikin ramin. Namijin kuma da dayis, irin dai wanda masu aikin famfo ke yanka bututu da shi, sai dai wannan ƙarami ne ƙwarai.

Duka ukun a kan layi ɗaya suke, ɗaya na ɗauke da ɗaya. In na tsakiya ya kauce, ya kwashi na gaba ya tafi da shi.

Lambobin da ke jikin taf

In ka ga an rubuta M10x1, ma'anarsa kaurin tiredin milimita 10 ne, tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori kuma milimita 1. Ramin da za a huda kafin a sa taf ɗin, ƙa'idar da kowane tana ya haddace ita ce a cire tazarar daga kaurin, wato milimita 9. Na murfi sau da yawa M13x0.8 ne ko M12x0.8 ko M14x0.8. A M13x0.8 ramin zai zama 12.2.

Abin lura shi ne ƙanƙantar haƙoran. A tazarar 0.8, abin da namiji da mace ke kamawa a jikin juna bai kai rabin milimita ba. Idan bakin diril ya yi rawa ramin ya buɗe da milimita 0.4 fiye da yadda ake so, kusan rabin riƙon ya tafi ke nan tun ba a sa taf ba. Murfin zai shiga, zai ma yi daɗin murɗawa ranar farko, amma yana girgiɗi, kuma ba a jimawa zai fara suɓucewa.

Tun 1841 injiniya Joseph Whitworth ya fito a Ingila da tsarin da zai sa noti ɗin wannan maƙera ya hau ƙusar waccan, amma har yau duniyar alƙalami ba ta gama shiga layi ba. Manyan kamfanoni biyu na Jamus da ke sayar wa masu aikin hannu bakin rubutu, Bock na Haidelbag da JoWo na Balin, kowanne da nasa tiredin. Baki mai lamba 6 na Bock yana son taf M7.9x0.6, na JoWo kuma M7.4x0.5. Babu ɗayansu da za ka samu a akwatin taf na bakanike.

Karkata: aibin da ba ya gyaruwa

Taf ba shi da ido. Duk inda haƙoransa na farko suka kama, nan zai bi har ƙarshe, kuma kowane zagaye ƙara tabbatar da kuskuren yake. Shi ya sa zagaye biyu na farko suka fi duk sauran aikin muhimmanci. Tun ran gini tun ran zane.

Mutane na raina digiri ɗaya. To, murfin alƙalami yakan kai milimita 60. Karkatar digiri ɗaya a gindi, kafin ta kai ƙarshen murfin ta zama kaucewar da ta ɗan haura milimita guda, kuma ido na ganin milimita guda a jikin abu siriri irin wannan. Ba ma kyan gani kaɗai ba ne. Murfin da ya karkace gefe ɗaya na leɓensa ne ke taɓa kafaɗar gangar jiki, ɗaya gefen a buɗe, iska na shiga tana busar da tawada. Bakin rubutun yana iya gogar cikin murfi. In kuma a mariƙi karkatar take, mai alƙalamin zai iya gane hakan ne in tawada ta yoyo a aljihun farar shaddarsa.

Abin da ke jawo ta sananne ne. Na farko, riƙe taf a hannu tsirara, mutum na auna miƙewarsa da ido. A kan ƙarfen gareji hakan na wucewa, a kan alƙalami ba ya wucewa. Masu aikin da suka san kansu a kan injin tana suke yanka tiredin, amma injin a kashe, har a zare shi daga soket. Ga yadda abin yake in ka tsaya kusa: guntun robar na damƙe a bakin inji, inda aka huda shi, ba a kwance shi ba. Taf na gabansa, tsinin kujerar baya, wato sashen injin da ke fuskantar bakinsa daga ɗaya ƙarshen, na tokare da ɗan ramin da ke gindin taf ɗin don kada ya waiga ko'ina. Hannun hagu na juya bakin injin, rabin zagaye gaba, kwata baya don ɓarɓashin ya karye, a ɗiga ɗan man gyaɗa ko ruwan sabulu, a ci gaba. Dayis ma haka, a cikin wani mariƙi yake zama wanda ke zamewa a kan sandar da aka kafa a kujerar baya, kuma kafin a sa shi sai an ɗan fiƙe bakin wuyan da za a yanka wa tiredin don haƙoran su sami wurin kamawa ta ko'ina lokaci guda. Wannan na cikin 'yan ayyukan shago da ɗauke wuta ba ta tsayarwa.

Na biyu, kwance aiki a sake ɗaurawa tsakanin huda da yanka. Bakin inji mai haƙora uku ba ya mayar da abu daidai inda ya ɗauke shi. Ramin na kan layi ɗaya, tiredin ya hau wani. Shi ya sa masu abin ke son kolet, wanda ke rungume abu ta kowane gefe.

Na uku ya fi ɓoyuwa, kuma a nan Legas ya fi yawa saboda injinan da yawa tsofaffi ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su sauka a Apapa. Kujerar bayan da kanta ta kauce daga layi. Mutum ya bi duk ƙa'ida amma kowane alƙalami ya fito da karkata iri ɗaya. Gwajin ba shi da wuya: a sa tsini a gaba, a sa tsini a baya, a matso da su a maƙale reza a tsakani. In rezar ta tsaya cak, lafiya. In ta kwanta gefe, kujerar na bukatar saiti, kuma duk tiredin da aka yanka kafin a yi saitin abin tuhuma ne.

Tiredin da ya karkace ba ya miƙewa. In aka sake bin sa da taf, hanya ta biyu ake buɗewa a kan ta farko, haƙoran su zama gari. Sai dai a yanke wurin a yi sabo, ko a rarake a dasa wani zobe a sake yankawa.

Haɗuwar zane: inda lissafi ya shigo

Yanzu a ce tiredin ya miƙe sarai. Murfin ya zauna, babu ko rata. Amma jijiyar itacen, ko layin da aka zana ya ratsa daga murfi zuwa jiki, bai haɗu ba. Me ya faru?

Murfi yana daina juyawa ne a lokacin da ya ci karo da wani abu, ko dai leɓensa ya taɓa kafaɗar gangar jiki, ko wata 'yar matakala da ke cikinsa ta taɓa goshin mariƙi. Inda zai kalla a wannan lokacin ya dogara da abu biyu: ta ina haƙorin farko ya fara, da kuma nisan da ya yi kafin ya tsaya. Mai yanka da hannu ba shi da cikakken iko a kan na farko, taf na kamawa ne inda ya ga dama. Amma na biyun a hannunsa yake, domin in ya rage tsawon leɓen murfin kaɗan, murfin zai ƙara juyawa kaɗan kafin ya tsaya.

A tiredi mai tazarar 0.8 na yau da kullum, zagaye guda na tafiyar da murfi milimita 0.8. Ke nan aske milimita 0.1 na juya shi digiri 45. Zane ya rage kwatan zagaye ya haɗu, a aske 0.2. Aikin kaurin takarda ɗaya ko biyu ne, shi ya sa ake yin sa a hankali, a aske a gwada, a aske a gwada. Ragewa kawai ake iya yi, ba a ƙarawa. Wanda ya zarce, sai ya ci gaba da askewa har zanen ya zagayo, kuma kafin nan ya cinye kusan 0.8 daga tsawon murfin, sai ya duba ko bakin rubutun bai fara dungurar rufin ciki ba.

Akwai hanyoyin kauce wa wannan wahala. In alƙalamin na katako ne mai zoben roba a ciki, sai a yanka tiredin a jikin zobban, a murɗa su su rufu, sannan a shafa gam mai jinkirin kamawa a zura katakon a juya shi har jijiyar ta haɗu, a bar shi ya bushe a haka. In kuma alƙalami ne mai kusurwa shida ko takwas, sai a gama tiredi, a rufe murfin, sannan a fitar da kusurwoyin a kan sassan biyu tare. Wanda ya yi kusurwa kafin tiredi ya ɗaura wa kansa aiki.

Ƙofa uku da ƙofa ɗaya

Nan ne mafi yawan rigimar take. Duba cikin murfin wasu robobin ruwan sha, za ka ga ba layi ɗaya ne ya naɗe ba, layuka uku ne suka taso daga wurare uku suna bin juna. Shi ya sa da ɗan juyi kaɗan ya buɗe. Haka ake yi wa murfin alƙalami mai tsada. Tazarar haƙora tana nan a 0.8, amma da yake hanyoyin uku ne, zagaye guda na tafiyar da murfin milimita 2.4. Tiredin da tsawonsa ya kai 4.8, mai ƙofa ɗaya sai an juya shi sau 6, mai ƙofa uku sau 2 ya wadatar. Wanda ke buɗe alƙalami yana rufewa a taro ya san bambancin.

Farashin wannan sauƙi shi ne murfin na iya shiga ta kowace ƙofa cikin ukun, kuma tsakanin kowace da 'yar'uwarta digiri 120 ne. Ƙofa ɗaya ce kawai za ta kawo zanen daidai. Sauran biyun za su rufe lafiya lau, amma zanen ya kauce da sulusin zagaye. Ke nan Alhajin da ya rufe alƙalaminsa ya ga bai haɗu ba, mai yiwuwa ta ƙofar da ba ita ba ya shiga. Ya buɗe, ya juya murfin baya a hankali har ya ji ɗan ƙas, alamar ya faɗa ƙofa ta gaba, ya sake murɗawa. Cikin gwaji uku ɗaya zai haɗu. Alƙaluman Japan masu zanen hannu da ke ratsawa daga murfi zuwa jiki ma haka masu su ke fama. In an gwada duka ukun babu wadda ta haɗu, to a nan ne mai yi zai amsa tambaya.

Masu sana'ar sun rabu a kan wannan. Wasu na ganin ƙofa uku ita ce alamar alƙalami na gaske, kuma tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: aske 0.1 digiri 15 kawai yake juya murfin, don haka saitin ya fi sauƙi, kuma in leɓen ya ɗan suɗe da shekaru zanen ba ya gudu da nisa. Wasu kuma na cewa duk alƙalamin da ke da kusurwa ko rubutun suna da ya ratsa sassan biyu, a yi masa ƙofa ɗaya a huta, tunda hanya ɗaya ce, kullum wuri ɗaya zai tsaya. Ni ina tare da na biyun a kan alƙalamin kyauta. Wanda aka ba kyauta ba ya nan lokacin da aka yi bayani a shago, kuma babu mai zama ya karanta takardar koyon rufe murfi. Robar da launinta ya cakuɗe ba ta da gabas ba ta da yamma kuwa, a yi mata ƙofa uku, babu wanda zai lura.

Abin da Legas ke ƙarawa

Taf da dayis masu ƙofa uku ba kayan da za ka shiga kasuwar Agarawu ko ta Owode Onirin ka ɗauko ba ne. Daga waje ake yo odarsu, da dala, kuma kowane kauri da nasa saitin. Wannan na cikin abin da ke sa alƙalamin tsada tun kafin a taɓa katako. Abin da ke cika akwatunan kasuwa shi ne mai manyan haƙora irin M12x1.75, wanda zurfinsa ya kai milimita guda, alhali bangon murfin gaba ɗaya bai fi haka da yawa ba. Mai farawa da ba shi da ƙarfi gara ya nemi masu ƙananan haƙora da bakanike ke amfani da su, M10x1 na bututun birki ko M14x1.25 na fulogi, waɗanda ba sa wuyar samu a wajen masu kayan mota irin na Ladipo. Ƙofa ɗaya ne, ba su da ƙyale-ƙyale, amma in an yanka su a miƙe suna aiki. Sai dai taf ɗin da ya riga ya ci ƙarfe ya dakushe, a kan roba yaga yake yi maimakon yanka, don haka na alƙalami a ware shi daban, a riƙa shafa masa mai saboda iskar teku ba ta barin ƙarfe.

Sai damshi. Itace na shan ruwan iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Alƙalamin da aka yanka wa tiredi a jikin katako tsirara a Agege da damina, aka kai shi Kano ko Sakkwato da hunturu, da'irarsa na iya komawa kamar ƙwai, murfin ya cije ko ya tsage. Maɗaci da kanya da ƙirya duk suna da kyau a ido, amma haƙorin rabin milimita ba ya daɗewa a jikinsu. Ƙahon da ake samu a mayankar Oko-Oba ma yana motsi, yana kuma ɓarewa in bai bushe sosai ba. Shi ya sa ake dasa zoben ebonayit, wato baƙar roba mai tauri da aka fi ƙarni ana alƙalami da ita, ko na akirilik ko tagulla, tiredin ya zauna a can. Akirilik kuma, wato robar nan mai kama da gilashi, ba ya son zafi, in an matsa masa da diril narkewa yake ramin ya ɓaci, kuma ba ya shiri da sifirit, tsattsagewa yake.

Kafin ka biya

Mai saye ba ya bukatar ma'auni. Ka rufe alƙalamin ka mirgina shi a kan gilashi ko tebur mai santsi, maƙalin aljihun na leƙe a gefen teburin, ka kalli ƙarshen murfin. In yana sama yana ƙasa, akwai karkata. Ka ɗaga shi ga haske ka dubi inda murfi ya haɗu da jiki, kada ka ga rata a gefe guda. Ka murɗa a hankali ka saurari hannunka: tiredi mai kyau nauyinsa ɗaya ne daga farko har ya tsaya, mai karkata kuwa a kowane zagaye akwai inda yake cijewa da inda yake saki. Sannan ka tambaya kai tsaye, "Malam, ƙofa nawa ne?" Wanda ya yanka da hannunsa ba zai yi inda-inda ba, zai ma nuna maka wadda zanen ke haɗuwa a kanta.

Bayan ka saya, kada ka danne murfi da ƙarfi don ka tilasta wa zane haɗuwa. Haƙoran roba ne, kuma ƙarfin da ke ƙara digiri biyar yau shi ne ke tsaga leɓen gobe. Kada kuma ka ɗauki murfin wani alƙalami ka gwada a kan naka ko da mutum ɗaya ne ya yi su, domin an saita kowanne ne da abokin zamansa. In murfin ya ɓata ko ya fashe, gangar jikin gaba ɗaya za ka kai wa mai yi, don a kanta zai gwada sabon yana askewa har ya zauna.